Magana Jari Ce Ba Kayan Ado Ba Ne

Da yawanmu mun adana Magana Jari Ce kamar tasoshin kaka, muna yabonsa ba ma buɗe shi. Kewar ƙuruciya ta sa mun ɗauke shi tsantsar hikimar Bahaushe, har muna gorantawa marubutan soyayya na Kano da shi, wai suna kwaikwayon finafinan Indiya. Alhali Abubakar Imam, a wannan littafi da aka fara bugawa a 1937, ya ɗebo daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Jamus. Akun da ke ɗauke hankalin Musa da labarai ma daga adabin Indiya ya samo asali. Gwanintar Imam ita ce ya sa baƙin labarai suka ji Hausa, har muka manta baƙi ne. Da wannan mudun ya kamata a auna 'yan baya.