Sharhi a Kan Awon Kays da London Game da Fuka-fukan Lagireto

Littafin W. M. Kays da A. L. London na Jami'ar Stanford, wanda aka sake bugawa a 1964, ya kafa hujja cewa ba a yabon lagireto da zafin da yake fitarwa kaɗai, sai an haɗa da matsin iskar da aka yi asara wajen ratsa fuka-fukansa. Wannan gaskiya ne, domin idan aka ninka gudun iska, zafin da ke fita ba ya kai ninki biyu, alhali asarar matsi takan kai ninki uku ko huɗu.

Inda muke da ja shi ne, da iska mai tsabta aka yi awon. Motar shanun da ta taso daga kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ta biyo ta Gumel cikin hunturu, ƙura take shaƙa. Fuka-fukan da aka matse, waɗanda jadawalin ya fifita, su ne ke fara toshewa. Fanka na ta juyi, injin na tafasa. Saboda haka malamin da zai koyar da jadawalin nan ya kai ɗalibansa garejin bakanike, su auna lagireton da ya shekara a hanyar Gagarawa ko Sule Tankarkar.