Mudu Biyu a Littafin Benatar

A littafinsa Better Never to Have Been (2006), David Benatar, masanin falsafa ɗan Afirka ta Kudu, ya ce haihuwa cutarwa ce ga wanda aka haifa. Hujjarsa: wanda bai zo duniya ba ya tsira daga wahala, kuma bai yi asarar daɗi ba, tunda babu shi.

Nan gizo ke saƙa. In babu mai asara, to wa ya tsira? Da mudu biyu ya yi awo.

Amma tambayarsa ta sosa inda ke ƙaiƙayi. A Jabo ta ƙasar Tambuwal, zazzaɓin cizon sauro da tamowa masu wahalar da yara ana iya kare su. Duk mai shirin haihuwa, bashin gidan sauro, rigakafi da abinci na wuyansa.