Alƙali Mai Hannu a Ƙara: Tsokaci a kan Rahoton Chess.com na 2022

Wannan ɗan tsokaci zai dubi wani rahoto mai shafi 72 da kamfanin Chess.com ya fitar a watan Oktoba na 2022, game da rikicin da ya girgiza ma'abota wasan shaɗaranji, wato darar nan ta sarki da dawaki.

Asalin maganar shi ne, a watan Satumba na shekarar, a gasar Sinquefield da aka yi a St. Louis ta Amurka, wani saurayi ɗan shekara 19 mai suna Hans Niemann ya cinye zakaran duniya na lokacin, Magnus Carlsen. Washegari Carlsen ya janye daga gasar bai faɗi dalili ba, sai habaici da ya saki a intanet. Ɗaliban adabi sun san aikin habaici: wanda ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake, kuma 'yan kasuwar ma sun sani. Nan take Chess.com ya rufe wa saurayin ƙofa.

Rahoton ya yi ƙoƙari wajen kawo hujja. Ya nuna cewa mai yiwuwa Niemann ya yi maguɗi da taimakon kwamfuta a wasanni fiye da 100 na intanet, abin da ya zarce wanda shi ya amsa da bakinsa. Amma a nan ne raunin rubutun yake. Laifin da aka lissafa tsoho ne, na ƙarshensa a 2020, kuma tun a lokacin an hukunta shi a asirce, aka mayar da shi. A kan wasan St. Louis kuwa, wanda shi ne musabbabin ƙarar, rahoton da kansa ya amsa cewa bai sami tabbatacciyar shaida ba. Ashe ke nan an yanke hukunci tukuna, bayan wata guda aka zo da dalili, dalilin kuma na wata shari'a ce da aka riga aka rufe.

Abu na biyu ya fi nauyi. A daidai wannan lokaci Chess.com yana cinikin sayen kamfanin Play Magnus, wanda Carlsen ke da hannun jari a ciki. Ko da zuciyar alƙali fara ce tas, wa zai yarda da shi alhali yana cin tuwo a akushi ɗaya da mai zargi? Haka kuma rahoton ya ambaci wasu manyan 'yan wasa da suka amsa irin wannan laifi, ya sakaya sunayensu, amma ya tona na Niemann.

Niemann ya kai ƙara kotu yana neman diyyar dala miliyan 100. Aka kori ƙarar a Yunin 2023, aka sasanta a Agusta, aka sake buɗe masa ƙofa. A Disamba hukumar FIDE ta ci tarar Carlsen yuro 10,000 saboda janyewa ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba.