Sunayen Itatuwan Dajin Birnin Gwari: Sharhi A Kan Ƙamus Ɗin Dalziel

Maƙasudin wannan takarda shi ne a auna littafin J. M. Dalziel mai suna A Hausa Botanical Vocabulary, wanda aka buga a 1916, a ga iyakar amfaninsa ga malamin da ke koyar da rabe-raben halittu da Hausa. Ma'aunin da muka ɗauka shi ne itatuwan dajin Kamuku na ƙasar Birnin Gwari, wanda aka keɓe a 1936, aka kuma mai da shi gandun daji na ƙasa a 1999.

Da farko dai wajibi ne a yaba wa marubucin. Likita ne, amma ya tattara sunayen tsirrai daga bakin Hausawa, ya gwama su da sunayensu na Latin bisa tsarin suna mai kalma biyu wanda Linnaeus ya kafa a 1753. Irin wannan hulɗa ta bar alama a cikin kimiyyar kanta, domin itacen da ya fi yawa a wannan daji ana kiransa Isoberlinia doka, wato kalmar Hausa ce ta zama sunan jinsinsa a duniya duka.

Sai dai kash, littafin jeri ne bisa abacada, kuma abacada ba ta san zumunta ba. Ɓaure da ceɗiya da durumi da gamji suna warwatse a shafuffuka, alhali zuriyarsu ɗaya ce, wato Ficus. Haka nan doka da kawo da maje da ɗorawa danginsu ɗaya da wake da gyaɗa. Maɗaci kuwa ɗan uwan dalbejiya ne. Ɗalibin da ya haddace jerin zai san suna, amma ba zai san matakan da ke bisansa ba, daga jinsi zuwa zuriya, zuwa dangi, har zuwa masarauta.

Na biyu, jerin ya ɓoye tsarin da Bahaushe ke da shi na kansa. Bahaushe yakan raba tsirrai zuwa itace da ciyawa da yaɗo, sa'an nan ya bambance na kusa da siffa, kamar doka da farar doka. Wannan suna ne mai kalma biyu, kuma a nan ya dace da na kimiyya, domin duka biyun Isoberlinia ne.

Na uku, sunayen Latin su ma suna sauyawa. Gawo da aka sani da Acacia albida yanzu Faidherbia albida ne. Naman kaza da ake lissafawa cikin tsirrai, Whittaker ya ba shi masarautarsa dabam a 1969. Saboda haka malamin da ya riƙi littafin 1916 a matsayin hukunci na ƙarshe zai koyar da abin da aka riga aka gyara.

A ƙarshe, shawararmu ita ce kwalejojin ilimi su sake jera waɗannan sunaye bisa dangi, tare da maharba da masu magani da masassaƙa. Lamarin na gaggawa ne, domin ta'asar 'yan bindiga ta shekarun 2010 da farkon 2020 ta tarwatsa ƙauyuka da dama na Birnin Gwari, kuma yaron da ya tashi nesa da daji ba zai bambance maje da kawo ba.