Mai Son Shigar Kakanni Ya Nemi Masaƙi

Shigar gargajiya ta dawo da ƙarfinta. A gidajen biki na Gusau, amarya da ƙawayenta kan ware yini guda su yi ɗaurin ƙirji da zanen saƙi, su rataya murjani, su ɗauki ƙwarya. Makarantu na yin ranar al'ada. Ranar 26 ga Agusta kuwa, Ranar Hausa ta Duniya, Facebook cika yake da hotunan samari cikin taguwa da malfa. Ina murna da wannan. Yaron da ya nemi sanin abin da kakarsa ta ɗaura ya fi wanda ke jin kunyarta.

Sai dai a taɓa zanen a ji. Mafi yawansa yadin kanti ne da inji ya buga wa zanen saƙi, santsi kamar leda, ba ɗinkin da ya haɗa ƙwarya da ƙwarya, wato siraran ƙyallen da masaƙi ke saƙawa. Kuɗin bikin ya tafi wurin mai shigo da kaya daga waje, masaƙin da ya gaji sana'ar bai ga ko sisi ba.

A Turai akwai ƙungiyoyin da ke kwaikwayon rayuwar mutanensu ta shekaru 600 ko 700 da suka wuce, kuma masu himma a cikinsu ba sa wasa da tufafi. Mace za ta nemi yadin lilin na asali, ta ɗinka rigar ciki da hannu, ta nemi rinin itatuwa, ta duba tsofaffin zane-zane don ta san yankan zamanin. Su sai sun tono littattafai da gidajen tarihi. Mu namu bai ma gama mutuwa ba, masu sani suna raye, shi ya sa sakacin ya fi yi mini ciwo.

A Bilbis da sauran garuruwan ƙasar Tsafe, duk wanda ya tashi gaban tsohuwa ya san hanyar da auduga ke bi kafin ta zama sutura. A gurje ta a kan magurji a fitar da angurya, a shiɓe ta, a kaɗa da mazari ana shafa alli a yatsu, a samu zare siriri ko abawa mai kauri. Masaƙi ya kafa saƙarsa, ƙoshiya na kai da komo, ƙyalle na fitowa siriri, faɗinsa bai wuce tafin hannu ba. Sai an jera ƙwarya da yawa an ɗinke kafin a samu zane ɗaya. Daga nan marina: baba da toka a karofi, sannan mabuga su buga shi har ya yi ƙyalli. Mata kuma na da tasu masaƙar ta tsaye a cikin gida, inda gwado ke fitowa. Hannu nawa ke nan suka ci abinci a kan zane guda?

Kuma ba ƙaramar sana'a ba ce. Heinrich Barth, Bajamushen da ya shiga Kano a 1851, ya rubuta cewa tufafin da ake saƙawa ana rinawa a can suna kaiwa har Timbuktu da Ghat da Tarabulus. Buzaye sun daɗe suna naɗa turkuɗin Kura. Audugar wannan yanki namu ta sa Turawa suka kafa injin gurza a Gusau, layin dogo ya ratsa garin ya kai Kaura Namoda a 1929, daga baya aka gina masaƙar Zamfara Textile a shekarun 1960. Yau masaƙar ta yi shiru, manomi kuma na tsoron zuwa gonar da ke nesa da gari.

Abu na biyu da ke damuna shi ne sunan da wasu ke ba wannan shiga: ranar ƙauyawa. A ɗiga baƙi a fuska, a ɗaura zane a karkace, a riƙa karya harshe ana dariya. Haka wasu fina-finan Kannywood ke yi: in dai labarin na zamanin da ne, sai a tara kowa cikin buhu da tsumma. Wa ya ce haka mutanen da suke? Sutura tana faɗin matsayin mai ita. Manomi da maƙeri na da walki. Malamin 'Yandoto, garin ilimin da Malam Sambo Ɗan Ashafa ya baro kafin ya kafa Gusau, riga da rawani ne nasa. Basarake na da rigar tsamiya ko barage mai aikin aska takwas, wadda maɗinki kan shafe watanni yana yi mata aiki da allura. Matar attajiri ba shigarsu ɗaya da mai tallan nono ba, mutanen kan dutsen Kwatarkwashi ma da nasu salon. Wanda ya cakuɗa waɗannan duka ya kira su "gargajiya" ya shafe bambancin da kakanninmu suka ɗauka da muhimmanci.

Za a ce saƙin hannu da tsada. Gaskiya ne, zaren hannu ya fi na inji cin lokaci. To amma amaryar da ta iya sayen leshi da shadda, zane ɗaya na masaƙi zai gagare ta? Makaranta na iya sayen 'yan kaya kaɗan na asali ta adana, ɗalibai su riƙa amfani da su kowace shekara, a gayyato tsohuwa mai kaɗi ta nuna musu yadda ake murza mazari. Mai shirya fim ya zauna da dattawan fadar Tsafe ko ta Bungudu kafin ya kira tela, ya tambayi wa ke sa me, a wane zamani. Masu ba da hayar kayan biki a Gusau su ne suka fi kowa iko a nan, domin odarsu ta shekara guda za ta iya riƙe masaƙi da ɗansa a bakin aiki. Marinar Ƙofar Mata a Kano har yau tana rini, a kasuwar Kurmi kuma ana samun saƙin hannu, in mai saye ya juya zanen ya duba ɗinkin da ke tsakanin ƙwarya da ƙwarya kafin ya biya.