Tsegumi da Tuba a Hausar Majami'a: Nazari a kan Wa'azin Kirista a Kudancin Kaduna

1.0 Gabatarwa

Masana adabin Hausa sun daɗe suna nazarin wa'azi. Mervyn Hiskett ya yi rubutu a kan waƙoƙin addinin Musulunci a 1975, Abdulƙadir Ɗangambo kuma ya keɓe kundin digirinsa na uku ga waƙoƙin wa'azi a 1980. Sai dai akwai wani wa'azin da ake yi da Hausa kowace Lahadi a majami'un kudancin Jihar Kaduna, wanda shi ma ya cancanci a auna shi da ma'aunin jigo da salo. Manufar wannan maƙala ita ce ta ɗauki jigo ɗaya daga cikin jigoginsa, wato tsegumi da tuba daga gare shi, ta duba yadda Hausa take ɗaukar nauyin wannan koyarwa. Ra'ayin maƙalar shi ne, wannan wa'azi yana da ƙarfi wajen siffanta laifin, amma yana da rauni wajen bayyana mafita, kuma tushen raunin yana cikin ma'anonin da kalmar "tuba" ta tara a bakin jama'a.

2.0 Hausa a Majami'un Kudancin Kaduna

Fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa ta faro tun tsakiyar ƙarni na 19 da aikin J.F. Schön. Daga baya Dakta Walter Miller na mishan ɗin CMS a Zariya da abokan aikinsa suka ci gaba, har aka buga cikakken littafin a 1932. An fitar da sabuwar fassara a 1980. A ƙasashen Kwoi da Kagoro da kewayen Kafanchan, mishan ɗin SIM ya ɗauki Hausa a matsayin harshen koyarwa, kuma ikilisiyar ECWA da ta tsiro daga aikinsa a 1954 ta gaji wannan tsari. Ta haka Bajju da Atyap da Ham da Adara da Gbagyi suka sami harshe guda na addu'a da waƙa, alhali kowa yana da nasa harshen a gida.

Mararaban Rido, da ke Ƙaramar Hukumar Chikun a kan hanyar Kaduna zuwa Kachia, kusa da matatar mai, misali ce mai kyau ta wannan yanayi. Matsuguni ne da ya tara ma'aikata da manoma da 'yan kasuwa daga kabilu dabam-dabam, musamman bayan rikicin Kaduna na 2000 da ya sa Kiristoci da yawa suka koma kudancin kogi. A irin wannan wuri, inda maƙwabci bai san kakannin maƙwabcinsa ba, abin da ake faɗi a kan mutum shi ne takardar shaidarsa. Da shi ake ba shi hayar ɗaki, da shi ake ba shi bashi, da shi ake ba shi aure. Ke nan wa'azi a kan harshe ya shafi abincin mutane da mutuncinsu kai tsaye.

3.0 Kalmomin Tsegumi

Hausa tana da yalwar kalmomi a wannan fage, kuma kowace da gurbinta. Tsegumi shi ne tattauna al'amarin mutum a bayan idonsa. Gulma ta fi shi ƙeta, domin akwai nufin aibatawa a cikinta. Annamimanci ɗaukar magana ne daga wannan zuwa wancan don a haɗa su faɗa. Sara ita ce kai mutum wajen na gaba da shi da nufin a cutar da shi. Ƙazafi ɗora wa mutum abin da bai yi ba ne. Giba, wadda aka aro daga Larabci, ambaton mutum ce da abin da ba ya so ko da gaskiya ne. Zunɗe da baki ko ido ake yin sa, ba sai an furta komai ba. Jita-jita kuwa magana ce marar uba da ke yawo a gari.

Harsunan asali na Littafi Mai Tsarki su ma sun rarrabe. A Littafin Firistoci sura 19 akwai kalmar Ibrananci "rakil", wadda masana da yawa suke danganta ta da kalmar ɗan kasuwa mai yawon talla. Wannan hoto ba baƙo ba ne ga Bahaushe, wanda ya san dillaliya mai shiga gida gida, har ya kira hukumar rarraba labarai da kamfanin dillancin labarai. A wasiƙun Bulus zuwa ga Romawa da Korintiyawa, Girkanci ya jera kalmomi biyu gefe da gefe: ɗaya ta mai raɗa, wadda sautinta yake kwaikwayon ƙus-ƙus, ɗaya kuma ta mai kushe mutum. Hausa tana da abin da za ta mayar da kowace.

Abin lura shi ne, a kan mumbari akan dunƙule waɗannan duka a kira su "gulma" ko "tsegumi". Illar wannan dunƙulewa biyu ce. Ta farko, mai sauraro yakan kuɓutar da kansa da hujjar cewa abin da ya faɗa gaskiya ne, alhali kalmar giba ta riga ta toshe wannan kafa. Ta biyu, gulma da tsegumi kalmomi ne da al'ada ta jingina wa mata, don haka da an ambace su sai idanu su koma ɓangaren Zumuntar Mata. Akan ƙarfafa wannan da sura 5 ta wasiƙar farko zuwa ga Timoti, inda aka yi zancen gwauraye masu zaga gidaje. Amma mafi munin labarin ɗaukar magana a Tsohon Alkawari na namiji ne, kuma a fada ya faru. A sura 22 ta littafin Sama'ila na farko, Doyeg mutumin Edom ya sari firist Ahimelek wajen Sarki Saul cewa ya taimaki Dawuda, aka kashe firistoci 85 a dalilin haka. Wannan sara ce tsantsa. Da masu wa'azi suna amfani da kalmomin sara da annamimanci, da wa'azin ya isa ofis da majalisar dattawa da dandalin siyasa, inda maza suka fi yawa.

4.0 Adon Harshe

Sura 3 ta wasiƙar Yakubu ita ce matattarar wa'azi a kan harshe, kuma ta fuskar salo tana cike da kamance da hoto cikin bayani. An kamanta harshe da linzami a bakin doki, da ɗan katakon da ake juya babban jirgin ruwa da shi, da 'yar wuta mai cinye daji, da dafi. Sannan an kawo hoton marmaro da ba ya fitar da ruwan daɗi da na ɗaci tare. Waɗannan hotuna ba ƙarfi ɗaya suke da shi ga mai sauraro a wannan yanki ba. Jirgin teku abu ne mai nisa, sai an yi masa dogon bayani. Linzami ya fi kusa, ko da yake doki ya fi zama dabbar fada da hawan salla. Hoton wuta ne yake shiga zuciya ba tare da tafinta ba, domin duk manomi ya san yadda tartsatsi ɗaya a lokacin hunturu yake tashi daga ciyawa ya kama rumbu.

Tarihin yankin ya ƙara wa wannan hoto nauyi. Rikicin da ya fara a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan a watan Maris na 1987 a kan magana ya taso, kuma cikin 'yan kwanaki ya bazu zuwa Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina, labarai marasa tabbas suna gaba, wuta tana biye. A yau wayar hannu da WhatsApp da Facebook sun rage wa irin wannan labari tsawon tafiya. Littafin Karin Magana sura 26 ya cika hoton da kamanta mai raɗa da itacen da ke ciyar da wuta, wanda in babu shi husuma takan mutu. Ana iya faɗaɗa wannan zuwa ga mai kunne, domin maganar da ba ta sami mai saye ba a hannun dillalinta take ruɓewa.

A nan ne gwanintar masu wa'azi take fitowa, domin sukan haɗa nassi da karin maganar Hausa. "Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani" ya dace da koyarwar Matiyu sura 7 a kan mai ganin ɗan haki a idon ɗan'uwansa. "Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba" yana koyar da riƙon asiri. "Baki shi ke yanka wuya" yana gargaɗi. Wanda aka fi yawan ji shi ne "magana zarar bunu ce", wato abin da aka zare daga jinka ba ya komawa mazauninsa. Sai dai wannan karin magana, duk da kyansa, yana rufe ƙofa. Yana amfanar wanda bai yi maganar ba tukuna. Wanda ya riga ya yi ta kuwa, abin da yake ji shi ne bakin alƙalami ya bushe. To me ya rage masa? Amsar da ake ba shi ita ce ya tuba.

5.0 Matsalar Kalmar Tuba

Daga Larabci Hausa ta aro "tuba", kuma saiwar kalmar 'yar'uwa ce ga kalmar Ibrananci "shub" da annabawa suka yi amfani da ita, mai ma'anar juyowa. A Sabon Alkawari kalmar Girkanci ita ce "metanoia", wato sauyin tunani. Ta fuskar asali, zaɓin masu fassara ya yi daidai. Amma a bakin jama'a kalmar ta tara ma'anoni aƙalla uku. Akwai "na tuba" ta yaron da ke ƙarƙashin bulala, wadda roƙon sassauci ce kawai. Akwai tuba ta sauya addini, inda ake kiran sabon shiga tubabbe. Sannan akwai tuba ta nadama da gyara hali. A 'yan shekarun nan an sami ƙari, domin kafofin labarai sukan kira 'yan bindigar da suka ajiye makamai tubabbu, ko da waɗanda aka zalunta ba su ga abin da aka mayar musu ba.

Tarihin bishara a yankin ya sa ma'ana ta biyu ta yi rinjaye a majami'a. Ga zuriyar farko ta masu bi, tuba ita ce ranar da mutum ya bar addinin gargajiya ya nemi baftisma, abu ne na sau ɗaya. Idan aka ce wa wanda aka haifa cikin ikilisiya ya tuba daga gulma, yakan fahimci cewa ya ɗaga hannu ko ya fito gaba a yi masa addu'a. Ma'ana ta farko kuma tana taimaka wa wannan fahimta: an roƙi gafara, an wuce wurin. Wanda aka ɓata wa suna ba ya cikin lissafi. Bahaushe yana da sunan wannan, shi ne tuban muzuru, kaza a baki.

Nassin kansa bai tsaya nan ba. A Luka sura 3, Yahaya Maibaftisma ya nemi tuba mai 'ya'ya, ya kuma faɗa wa masu karɓar haraji da sojoji abin da kowa zai aikata. A sura 19, Zakka ya yi alkawarin mayar da ninki huɗu ga wanda ya cuta. Matiyu sura 5 ta umarci mai kawo baiko ya fara sulhu da ɗan'uwansa. Sura 18 kuwa ta shimfiɗa tsarin da yake kishiyar tsegumi: a sami mai laifi shi kaɗai, in ya ƙi a ƙara mutum ɗaya ko biyu, sai a ƙarshe a kai ga ikilisiya. Tsegumi yana faɗa wa kowa ban da mai laifin, wannan tsari kuwa da mai laifin yake farawa. Katikizim na Ikilisiyar Katolika na 1992 ya fito fili da cewa ɓata suna yana wajabta gyara ko da an gafarta wa mai laifin. Malaman Musulunci, waɗanda daga wajensu kalmar ta shigo Hausa, su ma sun sa mayar da haƙƙi cikin sharuɗɗan tuba idan laifin ya shafi wani.

Gaskiya ne suna ba kuɗi ba ne da za a ƙirga ninki huɗu. Duk da haka Hausa tana da kalmomin aikin da ake bukata: neman gafara, janye magana, wanke mutum a gaban waɗanda aka ɓata shi, mayar da haƙƙi, sulhu. Waɗannan su ne ba a cika jin su ba a ƙarshen wa'azi. Haka nan horon ikilisiya, wanda kan hana mutum Jibin Ubangiji na wani lokaci, ya fi sauka a kan laifin da ido ke gani, kamar cikin da aka yi ba aure. Harsunan da suka yi ta yawo da labarin kuwa sukan zo teburin ba tare da an tambaye su ba.

6.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, an ga cewa wa'azin Kirista da Hausa a kan tsegumi yana da wadatar adon harshe, musamman inda hoton wuta da karin magana suka haɗu. Rauninsa yana wuri biyu: taƙaita kalmomin laifin zuwa gulma da tsegumi, abin da ya mayar da shi laifin mata, da kuma barin kalmar tuba tana tafiya ita kaɗai ba tare da kalmomin gyara ba. Makarantun horar da fastoci, irin ta ECWA da ke Kagoro, da masu sabunta fassara da masu rubuta littattafan makarantar Lahadi su ne za su iya cike wannan giɓi, kuma masana Hausa na jami'o'i suna da gudummawa wajen tattara wa'azin da tantance kalmominsa. Bunun da aka zare ba ya komawa, amma jinkar da ta yi rami ana yi mata sabon baibaya, kuma wanda ya zare shi ya fi cancanta ya hau.