Daga Sidni Zuwa Katuru: Rufin Gini Ma Magana Ne

Da wuya mai riƙe da waya bai taɓa cin karo da hotonsa ba: farin gini a bakin teku, rufinsa ya miƙe ɓawo bisa ɓawo kamar filafilan jiragen ruwa. Gidan opera ne na birnin Sidni a Ostiraliya, inda ake wasan kwaikwayo cikin waƙa da kiɗa. Jørn Utzon, ɗan ƙasar Denmak, shi ya ci gasar zana shi a 1957. An soma aiki a 1959, ba a buɗe ba sai 1973.

Abin yabo a ginin shi ne ya san inda yake tsaye. Ruwa ya kewaye shi ta ɓangare uku, ana hango shi daga jirgi, daga gada, daga tudu. Don haka Utzon ya mai da rufin ya zama fuskar ginin. An yi shekaru ana neman yadda za a zuba ɓawon nan da kankare, har aka gano dabarar fitar da kowanne daga jikin ƙwallo guda, kamar a yanko ɓangarori daga ƙwarya ɗaya. Tun da lanƙwasarsu ɗaya ce, sai aka riƙa zuba haƙarƙarinsu da ma'auni iri ɗaya. Aka lulluɓe su da tayil sama da miliyan ɗaya.

Amma kyan ginin ya fi yawa a waje. Siffar aka fara zanawa, sannan aka zo neman inda zauruka za su shiga. Wasan opera, wanda ginin ke amsa sunansa, ƙaramin zaure aka tura shi, ramin makaɗansa a matse. Babban zauren kuwa an daɗe ana kukan sautinsa, har aka yi masa gagarumin gyara da aka kammala a 2022. Kuɗin da aka ƙiyasta dalar Ostiraliya miliyan 7 ya kai miliyan 102. Utzon ya ajiye aikin a 1966 bayan saɓani da hukuma, ya rasu a 2008 bai koma ya ga kammalallen ginin ba.

A gwada shi da Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Muhammadu Durugu, Babban Gwani, ya gina zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu. Shi daga ciki ya faro. Da ƙasa da azara ya ɗaure bakuna suka ɗauki rufi, aka sami fili da sanyi da kwarjini. Kubbar da a da ake gani a waje, aikin ciki ne ya haife ta. A wannan fuska, Babban Gwani ya fi Utzon gaskiya.

Ina ruwan mutumin Katuru da wannan? Da ruwansa. Duba sababbin gidaje a Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi. Dogon rufin kwano mai tsini ya zama alamar samu, an aro shi daga hoto, ba a tambayi ranar bazara ba. Ɗakin soro na riƙe sanyi da rana, ya riƙe ɗumi da hunturu. Ɗakin bulo da kwano kuwa sai ya zama tanda a watan Afrilu, guguwar farkon damina kuma ta yaye shi. Gaskiya ne soro na son yaɓe a kai a kai, azara ma ta yi tsada. Amma wannan dalili ne na gyara dabarar, ba na binne ta ba.

Garuruwa da yawa a yankinmu sun watse saboda rashin tsaro. In Allah Ya kawo sauƙi, za a sake gini. Ranar nan kada mu kwaikwayi siffar Sidni, mu kwaikwayi tambayar da Utzon ya yi wa wurinsa, mu haɗa da ta Babban Gwani: wanda zai zauna a ciki fa?